Gajeren Barcin Jiya da Abin da Yake Bari a Jini Yau da Yamma



A garin Bauchi lokacin tashi daga barci bai canza ba tun zamanin Sarki Yakubu. Alfijir zai keto, ladan zai kira salla wajen ƙarfe biyar, kuma ko a Gwallaga kake ko a Kobi ko a Fadaman Mada, mai iyali zai miƙe ko yana so ko ba ya so. Lokacin kwanciya ne ya gudu ya bar mu. A da, in an yi isha'i an ci tuwo an ɗan taɓa hira, sai a tura ƙyaure. Yanzu kuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya ake watsewa daga gidan kallon ƙwallo, sha biyu ta buga teburin mai shayi a Wunti yana cike, ana fasa ƙwai ana juye Indomie, kuma a daidai wannan lokaci ne garaɓasar data ta dare take kankama, saurayi ya kwanta rigingine da waya a saman fuska har ƙarfe ɗaya ta gota. Daga ɗaya zuwa biyar awa huɗu ke nan. Awa huɗun nan kuwa su ne daidai abin da masu bincike suke yanka wa mutum idan suna son ganin ɓarnar da ƙarancin barci ke yi a cikin jini. Abin da ake biyan mutane kuɗi su jure na 'yan kwanaki a ɗakin gwaji, mu a nan muna yin sa kyauta.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da nauyinta bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba. Ita ke fitar da abin da likitoci ke kira sinadaran damuwa, kuma manyansu biyu ne, adirenalin da kotizol. Adirenalin na gaggawa ne. In Keke Napep ya faɗo maka ba zato a shataletale, faɗuwar gaban nan da bugawar zuciya da jiƙewar tafin hannu duk aikinsa ne, cikin ƙiftawar ido. Kotizol ya fi shi nutsuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke aiko da umarnin a sake shi, yana ɗaukar mintuna kafin ya hau, kuma aikinsa shi ne ya ƙara suga a jini, ya riƙe ƙarfin gudun jinin, ya sa mutum ya zauna a faɗake. Abu ne mai amfani ƙwarai, wanda jikinsa ya daina yin sa ba ya rayuwa sai da magani. Sai dai yana da lokacinsa. Yakan fara hawa can wajen biyu zuwa uku na dare, ya kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan mutum ya farka, daga nan ya riƙa sauka a hankali duk tsawon yini har ya kwanta ƙasa wajen tsakar dare. Kamar wutar murhu yake: da asuba ake hura ta a dama koko, da dare kuwa toka ake so a tarar. Nauyin barcin nan na farkon dare yana cikin abubuwan da ke danne shi.

A shekarar 1997 wata ƙwararriya a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eve Van Cauter, ita da abokan aikinta, suka tara samari masu ƙoshin lafiya suka kasa su uku. Wasu suka yi barcinsu na awa takwas, wasu aka hana su kwanciya sai ƙarfe huɗu na asuba aka tashe su ƙarfe takwas, wasu kuma aka hana su runtsawa sam. Ana ta ɗiban jininsu ana aunawa. Washegari tsakanin ƙarfe shida na yamma da sha ɗaya na dare, lokacin da ya kamata kotizol ya yi ƙasa, sai aka tarar ya fi na jiya yawa da kashi 37 cikin 100 a jinin masu awa huɗu, da kashi 45 cikin 100 a jinin waɗanda suka kwana ido biyu. Saukarsa ma ta yi jinkiri da aƙalla awa guda. A dubi lambobin nan biyu da kyau. Tsakanin 37 da 45 babu wata tazara ta a-zo-a-gani, ke nan mai cewa ai ni na ɗan runtsa kafin asuba bai tsere wa wanda ya kwana zaune da nisa ba.

A nan ne nake ganin muke kuskuren lissafi. Mun saba auna daren jiya da yadda muka tashi da safe. Mutum ya watsa ruwa, ya kurɓi shayi, ya ji shi garau, sai ya ɗauka ya ci bulus. Alhali safiya ba ta isa shaida ba, domin a lokacin agogon jiki ne ke ɗaga kotizol, an yi barci ko ba a yi ba. Sakamakon yana jira ne tsakanin magariba da bayan isha'i. Dama jikin ɗan Adam yakan samu ɗan kuzari da farkon dare, to in wannan ya haɗu da kotizol ɗin da ya ƙi sauka, sai ka ga mutumin da ya wuni yana hamma a shagonsa na kasuwar Muda Lawal ya wartsake tas bayan isha'i, yana cewa idona ya bushe. Shi a ganinsa ƙarfi ne ya dawo. Sai ya nufi majalisa, a zubo masa shayi mai kauri, ya ɓantari goro. Shayin da goron duka suna ɗauke da kafin, wanda shi kansa yana ɗaga kotizol, kuma bayan awa biyar da sha kusan rabinsa yana nan yana yawo a jini. Kofin ƙarfe tara na dare bai gama aikinsa ba ko da ƙarfe biyu. Da haka dare ɗaya ke jawo na biyu, na biyu ya jawo na uku, ba tare da mutum ya taɓa zama ya yanke shawarar rage barcinsa ba. Ra'ayina ke nan a wannan sharhi: daren farko yawanci dole ce ke kawo shi, kuma jiki yana iya gyara shi. Dare na biyu ne abin tsoro, shi kuwa sau da yawa da hannunmu muke sayo shi.

Abin da ke biyo baya in dararen suka jeru an auna shi. Su dai mutanen Shikagon nan, a 1999, sun buga a mujallar Lancet yadda suka tsare samari 11 a kan awa huɗu na tsawon dare shida. Ban da hawan kotizol da yamma, jikinsu ya riƙa jinkirin kwashe suga daga jini da kusan kashi 40 cikin 100, irin abin da ake gani ga dattijon da ciwon suga ya fara leƙo shi. Samari ne fa, ba su da wata cuta, cikin mako guda. Da aka bar su suka yi barci ishasshe na wasu kwanaki sai al'amarin ya koma daidai, wannan kuma shi ne labari mai daɗi a ciki. A Japan, a 1996, an bi ma'aikata 18 da na'urar awo a ranakun aikinsu na yau da kullum. Ranar da ƙarin lokacin aiki ya sa suka yi barcin da bai kai awa huɗu ba, washegari jininsu ya hau, zuciya ta ƙara sauri, kuma ɗan'uwan adirenalin da ake kira noradirenalin ya ƙaru a fitsarinsu. Hawan ba mai yawa ba ne, 'yan lambobi ne. Amma a ƙasarmu, inda ake ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawa kuma ba su ma sani ba, 'yan lambobin nan a kan kaya suke sauka. Akwai kuma wani gwaji da aka buga a 2014 daga Jami'ar Fensilbeniya, inda aka hana mutane barcin dare guda, sannan aka tsayar da su gaban alƙalai su yi jawabi su yi lissafi da ka. Kotizol ɗinsu ya yi tsalle fiye da na waɗanda suka yi barci. Ɗalibin da ya kwana yana haddace takardu a Yelwa ko Gubi ko Gwallameji ya kamata ya ji wannan, domin ɗakin jarrabawa shi ma tsayuwa ce gaban alƙalai. Tambayar da za ta ɗan girgiza mai barci, shi rikita shi za ta yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wani yana jin wannan yana murmushi, yana cewa Malam, ni shekara da shekaru awa biyar nake yi, na saba. Akwai mutanen da halittarsu ce haka, gaskiya ne. A 2009 masu bincike a Kalifoniya sun gano wani canji a ƙwayar gado ga wata uwa da 'yarta da awa shida ke isar su. Amma irinsu ba su da yawa, kuma alamarsu ita ce ba sa ramuwa, ba sa neman goro, ba sa gyangyaɗi a sahun Juma'a liman yana huɗuba. Sauranmu kuwa abin da muke kira sabo an gwada shi. A 2003 aka buga wani bincike da aka tsare mutane a kan awa shida na tsawon mako biyu. Kullum ƙwazonsu a gwajin lura yana ƙara zubewa, har suka kamo wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba, amma in an tambaye su sai su ce ɗan barci-barci kawai suke ji, bai ƙaru sosai ba. Jin gajiyar ne ya saba, aikin bai saba ba. Direban da ya tashi da asuba a Bauchi, in ƙarfe goma na dare ta riske shi a hanyar Ningi ko ta Darazo, ya yi awa 17 a farke. Masu bincike a Ostareliya sun nuna tun 1997 cewa a wannan matakin saurin hannu da ido yana yin daidai da na wanda giya ta kai masa iyakar da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi a kanta. Mutumin da ko kusa da kwalba bai taɓa zuwa ba, ga shi yana jan rayuka goma sha takwas a wannan hali, yana kuma rantsuwa idonsa biyu.

Masu ilimin fannin suna da nasu ƙorafin, kuma ya fi wancan nauyi. Za su ce gwaje-gwajen nan na mutum goma ne ko ashirin, galibi samarin Turawa, kuma akwai wasu binciken da suka hana mutane barci ba su ga kotizol ya motsa ba, wasu ma sun ga ya ragu da safe. Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Duk mai ce maka dare ɗaya zai cika jininka da guba, magani yake son sayar maka. Amma saɓanin yana da dalili. Sinadarin da ke hawa da sauka duk yini, sakamakonsa ya danganta da ƙarfe nawa aka auna shi, a jini ne ko a yawu, sau ɗaya ne ko a jere. Wanda ya auna da safe kaɗai zai iya komawa hannu rabbana, tunda canjin da aka fi gani na yamma ne. Raguwar safe da hawan yamma kuma ba su ƙaryata juna ba, duka suna nuna tsarin ya baje, inda ake son sama ya yi ƙasa, inda ake son ƙasa ya yi sama. Sannan a gwaji mutum yana kwance a ɗaki mai sanyi, babu mai bin sa bashi, babu yaro a gadon asibiti. Namu rashin barcin da damuwarsa yake zuwa. In akwai bambanci tsakaninmu da samarin Shikago, ban ga dalilin da zai sa mu zaci namu ne mai sauƙi ba.

Sai batun da ya fi kowanne taɓa zuciya a wannan gari, wato Ramadan da tsayuwar dare. Wani zai ce, to yanzu so kake a bar tahajjudi saboda kotizol? Ko kusa. An yi bincike a kan wannan a ƙasar da ta fi kowa sanin azumi. A 2013 masana a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda suka auna matasa a Sha'aban, suka sake auna su a tsakiyar Ramadan, suka tarar kotizol ɗin yamma ya hau, tsarinsa na yini ya rikice. To amma a can al'adar ita ce a kwana farke har sahur, a rama da rana. Shi kuwa Farfesa Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, da ya tsare lokacin barci da na abinci ya bar azumin shi kaɗai, bai ga azumin ya dagula barci ko agogon jiki yadda ake zato ba. Laifin yana ga abin da muka ɗora wa watan: hira bayan asham har sha biyu, kasuwar dare, layin tela, waya. Matar gida kuwa ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi ɗora sahur, kuma ba kasafai ake sa ta a lissafi ba. Addinin kansa ya riga likitoci magana. Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru kwana yana salla kullum, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da na idanunsa, kuma ba ya son hira bayan isha'i. Mai son tashi a sulusin dare na ƙarshe an koya masa ya kwanta da wuri, ya kuma yi ƙailula. Mu ne muka riƙe tashin muka saki kwanciyar.

Ƙorafin da ba ni da cikakkiyar amsarsa shi ne na wanda ba shi da zaɓi. A watan Afrilu, rufin kwano ya sha rana tun safe, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, bangon ɗaki yana huci har ɗaya na dare. A fito da tabarma tsakar gida, sauro ya ce bismillah. Jiki kuwa sai zafinsa ya ɗan sauka barci yake kama shi da kyau. Ga nas mai aikin dare a asibitin koyarwa, ga ɗan sintiri a unguwa, ga mai gadi, ga mai gasa burodi, ga mai jego da jaririn da bai san dare ba. Ce wa waɗannan su yi awa bakwai, yadda ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka ba manya shawara a 2015, kusan ba'a ce. Abin da za a iya ba su ƙarami ne, amma an gwada shi. A Faransa, a 2015, aka bar maza 11 da barcin awa biyu kacal. Washegari noradirenalin ɗinsu ya ninka sau biyu da rabi. Da aka maimaita gwajin aka ba su barcin rabin awa da hantsi da wani rabin awa da rana, sai hawan bai bayyana ba. A Amurka ma, a 2007, barcin rana na awa biyu bayan kwanan zaune ya saukar da kotizol a lokacin barcin, ya kuma gyara ƙwazo. Wannan ita ce ƙailular da kakanninmu suke yi a zaure bayan azahar, wadda yanzu muke kallon mai yin ta a matsayin malalaci. Sharaɗinta kawai kada ta yi tsawo, kada kuma a kai ta bayan la'asar, don kada ta ci daren da ake son ceto.

Saboda haka kirana ga shugabannin tasha da masu motocin haya shi ne, direban da ya kwana a hanya kada a sa shi a layin lodi washegari da dare. Masu tsara jadawalin aiki a asibitoci da kamfanonin gadi su daina jera wa mutum ɗaya darare babu hutu a tsakani, su kuma ware ɗan wurin da zai kishingiɗa na rabin awa ba tare da an ce ya yi laifi ba. Maigida, in uwargida ta kwana da yaro, ka karɓe shi bayan azahar ta runtsa. Kai kuma mai saurare da ka san jiya ba ka yi barcin kirki ba, yau in an idar da isha'i kada ka yarda da bushewar idon nan. Ka bar shayin, ka bar goron, ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa. Wanda kuma ya ga barci yana ƙaurace masa dare uku ko fiye a mako har wata uku, ko iyalinsa suna ce masa yana minshari numfashinsa na ɗaukewa, kada ya tsaya a kyamis ya sayi ƙwayar barci. Ya je asibiti ya ga likita, a auna masa jini da suga.